Tsarabar Arzika

Mijin yayata, Arzika, bai iya tsaraba ba. Ban faɗi haka don wasan da ke tsakanina da shi ba, kowa a Tungar Bado ya sani. Shekara ashirin da uku yana zaune da Yaya Halima, in ya je Gusau burodi, in ya je Tsafe burodi. Ranar da ya je Kano muka zuba ido, sai ga shi da burodi, sai dai na Kanon ya ɗan fi tsawo. Sau ɗaya tak ya canza, ya kawo mata igiyar guga.

Amma ta wajen ruwa ba a raina shi. Garinmu yana kusa da Bungudu, kuma tun zamanin iyayenmu muna da 'yar madatsa mai tare mana ruwan damina. Daga madatsar babbar kwata ta fito ta ratsa fadama, ƙananan kwatoci suka rabu daga jikinta suka nufi garkar kowa, wato lambunsa. A bakin babbar kwatar akwai ƙofar ƙarfe mai sitiyari, kuma makullinta yana wuyan Arzika a igiyar fata. Ubansa ya riƙe shi, shi ma ya gada. Shi ke cewa yau ruwan layin gabas ne, gobe na yamma. Da makullin yake wanka, da shi yake zuwa biki, in yana magana da mutum sai ya riƙa shafa shi ta cikin riga. Doka ɗaya ce a kansa, kuma kowa ya haddace ta: wanda ya ɓata ruwan gari da hannunsa, ya ajiye makulli.

Ni Lukuman, garkata ce ta ƙarshe a layin yamma. Ruwa sai ya gaisa da kowa kafin ya iso wurina, shi ya sa na fi kowa sa masa ido.

A ƙarshen daminar 1997 aka yi wa Arzika rasuwa a Yawuri. Yana ɗaura jaka, Yaya ta ce masa, ba tare da ta ɗago kai daga tsintar wake ba, “Malam, in burodi na, ka bar musu abinsu.”

Maganar nan ta bi shi har Yawuri. Ya zaga kasuwa sau uku, duk abin da ya ɗauka sai ya ajiye. Ana gobe zai dawo ya sauka bakin babban gulbi don ya yi alwala, sai ya ga wani tsiro yana yawo a kan ruwa. Ba irin kainuwarmu ba ce mai kwanciya kamar salak, ba kuma bado ba ne. Ganyensa na sheƙi, gindin kowane ganye a kumbure, ga fure shuni-shuni da ɗigon ruwan ɗorawa a tsakiya. Ya tambayi wani masunci ko na sayarwa ne. Masuncin ya dube shi da kyau, ya ce ya kwashi iya abin da yake so, in ma da hali ya zo da mota. Arzika ya dawo yana yabon kyautar mutanen Yawuri.

A gwangwanin madara ya zuba shi. Mota uku ya canza yana rungume da gwangwanin, har ya yi cacar baki da wani kwandasta da ya so ya ɗora shi a saman kaya. Ina gidan lokacin da ya iso. Ya miƙa wa Yaya gwangwanin yana kallon katanga.

Ta daɗe tana duba shi. “Ana ci?”

“Ba a ci.”

“Magani na?”

“A'a.”

“To amfanin mi shika yi?”

“Kallo,” in ji Arzika. “Don ki riƙa kallo.”

Yaya ta juya ta shiga gyara wutar murhu, wutar da ba abin da ya same ta, ta ce hayaƙi ya shigar mata ido. Na tsokane shi, na ce mutum ya je har Yawuri ya dawo da ciyawa, amma a raina daɗi na ji. Ban taɓa ganin fuskar yayata haka ba.

Ta juye shi a tasa. Bayan mako biyu ya cika tasar, ta mai da shi daro. Matan gari suka yi ta shigowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo tambayar lafiyar akuya, kowace sai ta tsaya a kan daron. Da daron ya cika, Arzika ya tsinke 'ya'yan da suka yi yawa. Bai iya zubar da su a juji ba, don yana ganin wahalar da ya sha a kansu. Ya kai su bayan ƙofar ruwa ya sake su a madatsa, wai su sha ruwa kwana biyu kafin ya san yadda zai yi da su.

A nan zan faɗi nawa, don kada a ce na ɓoye. Matata Wasila ta je ta ga furen. Ba ta ce mini komai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta dai kawo mini tuwo ta zauna tana ajiyar zuciya, can ta ce ashe maza ma iri-iri ne. Kwana uku ina cin tuwo da ajiyar zuciya. A na huɗu na bi ta bayan ƙofar ruwa da hantsi, na tsinko guda na sa a leda, na hau keke na zaga ta hanyar Bungudu don a ga daga can na fito. Na ce mata a Gusau na samo, wurin wani mai sayar wa manyan ma'aikata furanni. Da nawa ya cika kwano, na watsa ragowar a 'yar kwatar da ke gefen garkata. Ban ɗauka wani abu ba ne.

Kafin azumi ya kama, tsiron ya rufe kusurwa ɗaya ta madatsa. Kafin a sha ruwa goma ya ci rabi. Badon da yara ke nutso suna ciro wa ya ɓace, masu kamun kifi da homa suka daina samun ko ƙarfasa, sauro kuwa ya samu gari. Balbelu ne kaɗai suka ji daɗi, suna takawa a kai suna tsintar ƙwari. Da ba mu san sunansa ba sai muka riƙa ce masa Baƙuwa. Wani ɗan kabu-kabu daga Tsafe ya kawo fasinja, ya hango fili kore shar, ya ce bari ya yanke ta nan ya rage hanya. Mutum huɗu ne suka ciro babur ɗin, shi kuma ya fito da tarwaɗa a cikin riga. Jakin Liman ya gwada ci, ya tofar, daga ranar ko ta bakin madatsa aka bi da shi sai ya kau da kai.

Arzika fa ya san abinsa. Kullum bayan sallar asuba sai ya shiga ruwa da adda, ya yi ta saran Baƙuwa gunduwa-gunduwa, ya fito ƙafafu duk matsattsaku. Duk gutsuren da ya sara sai ya tashi da kansa. Da ya ga haka, sai ya buɗe ƙofa gaba ɗaya wata Laraba, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwa ya tafi da ita, ya raba ta layi-layi, ta zauna a babbar kwata ta toshe kowace mahaɗa. Ruwan da ke isowa garkata cikin awa ɗaya ya koma sai an yini ana jira, in ya iso ma bai fi na wanke hannu ba. Albasata ta fara rawaya daga baki.

Bayan ƙaramar salla aka turo mana malamin gona daga Gusau, wani siririn mutum mai suna Muhammad Sani. Mai gari Attahiru ya tara mu a bakin madatsa. Malamin ya ciro guda ya juya shi a hannu, ya ce ya san shi, ya hana jirage tafiya a wurare da dama.

“Maganinsa ɗaya,” in ji shi. “A tsame shi duka, a kai tudu, a shanya, a ƙone. Abin da kawai zan roƙe ku, kada wani ya sare shi, kuma kada a kora shi da ruwa.”

Arzika ya mai da addarsa bayan riga.

“Amma abin mamaki,” malamin ya ci gaba, “babu shi a wannan yankin. Sai can babban gulbi, wajen Yawuri. Wani ne ya kawo shi.”

Ban taɓa ganin mutum sittin sun sami abin kallo a sama lokaci ɗaya ba sai ranar. Wasu suka dubi giginya, wasu suka dubi ƙafafunsu. Ba wanda ya dubi Arzika, har wuyan mutane ya ƙage saboda ƙin dubansa. Ni a lokacin na ɗauka kara suke masa.

Aikin tsamewa ya fi ƙarfin mutum goma, sai gayya. To a garinmu gayya ba ta tashi sai da mai ita. Mai aiki shi ke aika goro, shi ke kiran makaɗi, daga gidansa fura ke fitowa, shi ke fara sa hannu. Ba a taɓa yin gayyar da ba ta kowa ba, kuma Mai gari ya ce ba a kansa za a fara ba.

“Baƙuwa ta,” in ji shi, “kuma ba baƙon da ba shi da mai masauki. Wanda duk yas sauke ta shi hito shi kira gayya, mu kama mai a yi mata rakiya.”

Kowa ya san sauran maganar da bai ƙarasa ba. In mai masaukin ya zama mai makulli ne, makulli ya bar wuyansa.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce tun da ba wanda ya fito, sai a yi bincike, kuma ba wanda ya fi cancanta da binciken sai wanda ke yini a bakin ruwa. Aka naɗa Arzika.

Wallahi ya yi bincike. Ya samo sanda da wani tsohon littafi, ko da yake bai iya boko ba. Ya kama agwagin Liman guda biyu ya duba tsakanin yatsunsu. Ya yini a cikin ciyawar kacala ta bakin ruwa yana leƙen kirinjijiya, ya dawo ya ba da rahoto cewa tsuntsayen nan ba a san inda suke kwana ba, kuma idonsu bai yi masa kama da na masu gaskiya ba. Ya ce a binciki takalman malamin gona. Ya tuna cewa ɗan kabu-kabun Tsafe ya shiga ruwan da babur, aka tuna masa cewa Baƙuwa ce ta jawo shi ciki. Ya ce duk da haka. Mako biyu ana wannan, majalisa na sauraronsa kullum da yamma ana gyaɗa kai, ana cewa lallai agwagwa ba abin yarda ba ce.

Ni kuwa albasata na mutuwa. Haushi ya ishe ni, amma bakina a ɗaure, don in na tona shi, wa ya san inda tonon zai tsaya. Ranar wata Alhamis na kasa haƙuri na nufi gidansa, ban ma san me zan ce ba.

Tun daga zaure na ji daka. Na shiga na tarar da Yaya da turmi biyu, gero jiƙe a manyan ƙore, ga ƙullin goro a faifai. Arzika na tsaye a tsakar gida da sandar bincikensa.

“Wanga aiki hwa?” yake tambaya. “Suna za a yi?”

“Gayya za ni kira,” in ji Yaya. “Na aika ma makaɗi. Gobe in an sauko Juma'a.”

“Wace gayya? Halima, bincike bai ƙare ba. Agwagin nan…”

Ta jingine taɓarya. Yayata ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ba ta ɗaga ba.

“Malam, hurena na. Ni anka kawo ma shi, a gwangwani, tun daga Yawuri. Abin da anka ba mutum nashi na, don haka gayya tawa ta. Kai riƙe makullinka.” Ta share hannu a zane. “Shekara ashirin da ukku, abu guda kak kawo man wanda ba a ci, ba a jan ruwa da shi. Yau sati biyu kana yawo gari kana hwaɗin agwagin Liman sunka kawo shi. To ni ba agwagwa tab ba ni ba.”

Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba. Arzika ya tsaya kamar an dasa shi. Na so in yi masa wasan da na saba, na ga ba wurinsa ba ne. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina kuma ta fi tausayin yawa. Na sulale na fita.

Washegari da aka sauko daga masallaci, makaɗi ya fara kiɗa a bakin madatsa, mutane suka taru suna tambayar juna gayyar wa. Mai gari ya zo aka shimfiɗa masa buzu. Sai ga Arzika ya ratso taro, ba sanda, ba littafi. Ya durƙusa, ya ciro igiyar daga wuyansa. Inda ta saba kwanciya fatar wuyan ta yi fari.

“Ranka shi daɗe, bincike ya ƙare. Ni na. Ni niɗ ɗauko ta Yawuri, ni nis sake ta cikin ruwa, ni nis sare ta, ni nib buɗe mata ƙohwa. Agwagi ba su da laihi, Liman shi yahe man.” Ya ajiye makullin a gaban buzun. “Matata nik kawo ma ita. Kuma ko yau anka ce in koma, sai na kawo mata. Sai dai ba ni sa ta ruwa.”

Na ji ya kamata in tashi in faɗi nawa, na ma fara tattara riga, amma na koma na gyara zama. Mai gari ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai aka ce a ba da hanya, ga fura.

Ƙwaryar gidan Arzika ce ta fara isowa, rufe da faifai, an ɗora fure shuni guda a kan faifan. Wannan ba abin mamaki ba ne. Sai ga ta biyu a bayanta, na gane ƙwaryar tun daga nesa don ni na sayo ta a kasuwar Bungudu. Ta gidana ce, da fure a kai. Sai ta gidan Sarkin Noma. Sai ta gidan mai shayi. 'Yan mata suka yi ta zuwa a jere suna saukewa, kowace ƙwarya da furenta, har aka rasa wurin ajiyewa. Ashe tun daren jiya Yaya ta aika gida-gida cewa mai fure za ta yi gayya, matan gari kuwa kowace ta ce ai ita ma mai fure ce, mijinta ya kawo mata. Na Wasila daga Gusau. Na matar Sarkin Noma daga Kaduna. Na matar mai shayi wani Bature ne ya ba mijinta a Funtuwa. Liman ya ce wa tasa wani alhaji ne ya taho masa da shi.

Ta ƙarshe ita ce mafi girma, mutum biyu suka ɗauko ta, furanni uku a kai. Aka sauke ta a gaban Mai gari, jikarsa ta durƙusa ta ce, “Inna ta ce a hwaɗa maka, na Legas ɗin nan da kas sawo mata ya cika randa biyu, ta zuba sauran ga kwatar bayan gida yadda kac ce.”

Mai gari ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya dubi giginya, amma ya tarar duk mun riga shi.

“To,” ya ce daga bisani. “Doka dai doka ta. Wanda yaɓ ɓata ruwa shi aje makulli, kuma ya aje. Saura wanda hannunai bai taɓa Baƙuwa ba shi taso shi ɗauka.”

Makulli na kwance a ƙasa, rana na dukansa. Makaɗi ma ya sunkuyar da kai, don ƙwaryar gidansa na cikin layi. Wani daga baya ya ce sai dai ko jakin Liman. Dariyar da aka yi ta riƙewa wata biyu ta ɓalle, har Mai gari sai da ya share hawaye da bakin rawani. Da aka lafa ya sa sandarsa ya tura makullin gaban Arzika.

“Ɗauki abinka. Mu duka mun sata mun yi ƙarya. Kai ɗai kab biya kuɗin mota.”

Kwana huɗu muka yi a ruwa. Muka tsame Baƙuwa da manjagara da hannu, jakuna suka kai ta tudu, ban da na Liman da ya ƙi. Ta bushe aka cinna mata wuta. Ba a taɓa gayyar da fura ta yi yawa irin wannan ba, mai gayya arba'in da ɗaya. Ruwa ya iso garkata ranar Talata, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba. Rabin albasata ya riga ya tafi, kuma ba ni da wanda zan kai ƙara. Mai gari ya sa aka yi shela cewa duk gidan da aka sake ganin tsiron, mai gidan zai share babbar kwata shi kaɗai. Aka juye tasoshi da randuna. Wasila ta juye nata da kanta, ta ce daga yau in zan je Gusau in riƙa bi ta hanyar Gusau.

Bayan kamar wata guda na shiga gidan Yaya neman aron lauje. Ban same ta a tsakar gida ba, na zaga bayan rumbu inda ake rataye shi. Sai ga mai makullin ruwan Tungar Bado a tsugune, da buta a hannu, a gaban wani tsohon gwangwanin madara. Tsiro ɗaya ne a ciki. Ya tsinke 'ya'yan da ya yi ya tara su a kasko da garwashi, yana ƙara wa uwar ruwa a hankali don kada ya zuba a ƙasa.

Ya ɗago muka haɗa ido. Ya shafa makullin ta cikin riga.

“Lukuman,” ya ce, “ka san layin yamma ba shi da wuyar mantawa.”

“Ni lauje niz zo ɗauka,” na ce.

Daga cikin ɗaki muryar Yaya ta fito. “Malam, ya buɗe?”

Arzika ya sunkuya ya leƙa gwangwanin, ya juya shi ta wajen haske.

“Ya buɗe,” ya ce. “Taho ki gani.”